Ɗaga yaron gida ko ɗauko manaja daga waje? Shawara ga 'yan kasuwarmu na Legas

Duk ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa a Legas, akwai ranar da zai wayi gari ya ga harka ta fi ƙarfin idonsa. Rumfa tana kasuwar gwari ta Mile 12, sito yana Agege, motoci biyu suna hanya tsakanin Kano da Ibadan, banki yana neman wasu takardu a Ikeja, ga cunkoson da kan cinye wa mutum rabin yini kafin ya isa Apapa. Yaran da a da su uku ne, yanzu sun haura goma. A nan ne tambaya take tasowa: wa zai riƙe wurin idan maigida ba ya nan? Hanya biyu ce akasarinmu muke dubawa. Ko a ɗaga ɗaya daga cikin yaran da suka taso a hannu a ce daga yau shi ne babba, ko a ɗauko wanda ya yi karatun harkar kuma ya taɓa aiki a wani kamfani, a ba shi kujerar manaja da albashi.

Yadda mutanenmu suka saba ɗora maganar shi ne wai zaɓi ne tsakanin amana da ilimi: yaron gida mai amana ne amma ba boko, manajan waje mai boko ne amma ba a san zuciyarsa ba. Ban yarda da wannan rabon ba. Akwai ɗan gida maciyin amana, akwai baƙo mai tsoron Allah. Abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne irin harkar da mutum yake yi, da kuma yawan ikon da maigida zai iya sakewa daga hannunsa da gaske.

Abin da yaron gida yake da shi

Je ka Mile 12 kafin a kira asalatu ka ga tirela ta iso da tumatir daga Kadawa ko Ɗanja, bayan ta shafe kusan kilomita 1,000 a hanya. 'Yan dako suna sauke kwanduna, matan Yarabawa masu sari sun riga sun kewaye motar. Yaron da ya shekara bakwai ko takwas a wurin zai buɗe bakin kwando ɗaya, ya danna tumatir biyu da yatsa, ya sa hannu ya ji ɗumin na ƙasa, nan take ya san ko kayan nan za su kai azahar ko dole a rabu da su kafin rana ta ɗaga. Ya san wace Iya ce za a ba kwando biyar ta kawo kuɗi da yamma ba tare da an bi ta ba, ya san wadda sai ta ƙirga kafin a ɗora mata. Yana jin Yarabancin kasuwa, yana jin Buroka. Ya san yau motoci nawa suka shigo, saboda haka ya san farashin da aka buɗe da shi ba zai kai hantsi ba. Ba makarantar da take koyar da wannan, kuma a harkar kayan gwari jinkirin awa ɗaya wajen rage farashi yana iya mayar da riba faɗuwa.

Abu na biyu, an san gidansu. Idan wani abu ya ɓace akwai mahaifi, akwai malaminsa, akwai mai unguwa, akwai surukai. Shi ma ya san duk abin da ya aikata a Legas zai riga shi isa gida. Wannan igiya ce mai ƙarfi, kuma a kanta fataucin Hausawa ya daɗe yana tafiya. Fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja da yara da wakilai suka yi aiki. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da wakilai ya faɗaɗa cinikinsa na goro da gyaɗa. Zaman Hausawa a Agege ma goro ne ya ƙarfafa shi, tare da layin dogo da ya isa Kano a 1911. Saboda haka wanda ya ce tsarin yaran gida tsohon yayi ne da ba ya gina dukiya, bai duba tarihi ba.

To amma iya ciniki daban, iya riƙe mutane daban, kuma a nan ne iyayen gida da yawa suke tuntuɓe. Sai a ɗauki yaron da ya fi kowa iya sayarwa a naɗa shi babba, a cire shi daga gaban rumfa inda yake da amfani, a zaunar da shi kan aikin da bai taɓa koya ba. Ciniki ya ragu, shugabanci kuma bai samu ba. Ka tuna cewa jiya da waɗannan yaran yake cin abinci a kwano ɗaya, a ɗaki ɗaya suke kwana a Idi-Araba ko Ketu. Yau an ce ya tsawatar musu. A cikinsu akwai wanda ya girme shi, akwai ɗan ƙanwar maigida. Na taɓa jin wani matashi yana faɗa wa ubangidansa cikin ladabi: "Kawu, ni fa ba zan iya yi wa Yaya magana ba. Ya girme ni, kuma shi ya kawo ni Legas." Gaskiya ya faɗa. Tarbiyyar da ta sa aka yarda da shi, ita ce ta ɗaure masa baki.

Sai batun lissafi. Yawancin yaranmu a ka suke riƙe ciniki, ko a ɗan littafin makaranta da ba wanda zai iya karantawa sai su. Lokacin da komai tsabar kuɗi ne, ana iya ƙirga jaka da yamma a gane. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 abin ya canza: kwastoma na tura kuɗi ta waya, kuma sau da yawa asusun yaron ake turawa saboda shi ne a tsaye a wurin. Kuɗin maigida da na yaro suka gauraya a wuri ɗaya. Ko bai yi niyyar taɓawa ba, ranar da aka bugo waya daga gida cewa mahaifiya tana asibiti, hannunsa zai kai, da nufin zai mayar. Daga nan ake farawa.

Idan kuma abin ya lalace, raba gari da ɗan gida ba ƙaramin aiki ba ne. Ba ma'aikaci kaɗai ka kora ba, ka taɓa zumunci. Shi ya sa za ka ga maigida ya san yaronsa ba ya iya aikin, amma ya yi shekaru yana haƙuri yana asara, don kada a ce a gida ya wulaƙanta ɗan ɗan'uwansa.

Akwai wani rauni da ya fi duk waɗannan damuna, kuma ba laifin yaran ba ne. Ba mu yanke musu rana. Dubi yadda 'yan kasuwar Ibo suke yi a Alaba International da Ladipo da Idumota: yaro yana shiga hannun ubangida ya san zai yi shekaru kaza, galibi biyar zuwa bakwai, daga nan a sallame shi da jari ya buɗe nasa shagon. Tsarin nasu yana da nasa matsalolin, akwai iyayen gidan da kan ƙirƙiro laifi idan lokacin sallama ya matso, amma aƙalla akwai alkawari da iyaye suka shaida. Mu kuwa alherinmu yana da yawa amma ba shi da lokaci. Maigida zai yi wa yaro aure, ya saya masa fili, wani ma ya biya masa Makka, amma yaron zai kai shekara arba'in da haihuwa bai san ko yana da kaso a harkar da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai ba. Mutumin da bai san makomarsa ba zai fara gina ta a ɓoye, kuma da kwastomominka zai gina ta.

Abin da manajan waje yake zuwa da shi

Gidan Ɗantata ɗin da na ambata shi ne kuma ya nuna iyakar tsarin yara. Aliko Ɗangote, wanda ya fito daga zuriyar ta wajen uwa, ya fara ne a 1977 da saye da sayarwa. Matatar mansa ta Lekki da aka ƙaddamar a 2023, mai iya tace ganga 650,000 a rana, ba da yaran gida ake tafiyar da ita ba, ƙwararru ne daga ƙasashe daban-daban. Ba ina cewa mai rumfar albasa ya kwaikwayi matata ba ne. Abin lura shi ne harka tana kaiwa wani mataki da takarda take fin fuska muhimmanci, kuma a Legas wannan matakin yana zuwa da wuri fiye da a Kano ko Sakkwato.

Da zarar ka fara kai wa otal-otal na Victoria Island ko manyan kantuna kaya, ba za su ƙirga maka kuɗi a hannu ba. Za su nemi rajistar kamfani ta CAC, da lambar haraji, da takardar neman biya, sannan su biya bayan makonni. Idan kana ƙulla abinci ko ruwa a leda, akwai NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Idan kana shigo da kwantena ta Apapa ko Tin Can, akwai kwastam da ejan-ejan masu fito da kaya, kuma kowace rana da kwantena ta ƙara a tasha kuɗi ne ke hawa. Harajin albashin ma'aikata hukumar harajin jihar, LIRS, ake kai wa. Manajan da ya saba da waɗannan zai gama cikin mako abin da zai ɗauki yaron gida wata uku yana kai da komo ana tatsarsa. Idan kuma haifaffen Legas ne, ya san yadda ake magana da 'yan ƙaramar hukuma da jami'an LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci da masu gidajen haya. Da ɗan gari akan ci gari, kuma mu baƙi ne a nan komai daɗewarmu.

Yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: ba ɗan uwan kowa ba ne. Zai iya cewa wane ya makara sau uku a wannan makon ba tare da tunanin abin da gwaggo za ta ce ba. Idan shi ma bai yi ba, ana rabuwa bisa abin da aka rubuta, ba wanda zai yi fushi a gida.

Matsalolinsa kuma ba ƙanana ba ne. Na farko tsada. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota a Legas ya zama babban kaso na albashin ma'aikaci, kuma mai matsakaicin albashi galibi can Ikorodu ko Sango Ota ko Mowe yake zaune. Zai iso ƙarfe takwas ko tara, alhali a kasuwar gwari an gama rabin ciniki kafin lokacin. Na biyu, ba lallai ya daɗe ba. Matashi mai takarda a Legas kullum kunnensa yana wajen wani aikin da ya fi, ko hanyar fita ƙasar waje. Kana iya shekara kana nuna masa sirrin harkarka, ranar da ya gama ganewa ya kawo maka takardar ajiye aiki.

Na uku shi ne wanda ya fi kashe irin wannan gwaji: yaran ba za su karɓe shi ba. Suna magana da Hausa a gabansa bai san abin da ake cewa ba. Ya ba da umarni, a ce to, a zagaya a kira Alhaji a waya. Shi kuma bai san rayuwarsu ba. Bai san cewa da yawa daga cikinsu 'yan ci-rani ne, idan damina ta faɗi dole su koma gida su yi shuka. Bai san aikin azumi da safe ake matse shi a sassauta da yamma ba. Bai san tafiya gida da Babbar Sallah ba hutu ne da ake roƙa ba, abu ne da ake tsara aiki a kansa tun da wuri. Manajan da ya rubuta wa yaro takardar tuhuma don ya tafi jana'izar baffansa ba tare da cike fom ba, a idon kansa ya bi ƙa'ida, amma ya rasa zukatan duk sauran.

Maganar amana kuma, takardar digiri ba ta shaidar hali. Wanda ya iya alƙalami idan ya tashi cuta ya fi wanda bai iya ba iya ɓoyewa, musamman idan maigida ba ya karanta lissafin da ake kawo masa. A Legas an saba neman wanda zai tsaya wa ma'aikaci ya sa hannu a takarda. Ka nema, amma kada ka tsaya a takardar. Ka aika a ga mutumin ido da ido a inda ya ce yana zaune, ka kuma kira wurin da manajan ya bari ka tambayi dalilin barinsa.

Kada a ɗauka manajan waje dole wani yare ne. Akwai 'ya'yanmu da suka gama Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, suka yi bautar ƙasa a Legas suka zauna, akwai kuma waɗanda aka haifa a Agege ko Obalende, Hausa da Yarabanci da Turanci duk a bakinsu. Irin waɗannan suna rage matsalar harshe da al'ada ƙwarai. Abin da ba su da shi kawai shi ne gogewar kasuwa, kuma wani lokaci yaran sun fi raina ɗan boko na gida fiye da baƙo.

Wanne ya fi araha?

A ido yaron gida ne, amma ina shawartar kowane maigida ya zauna ya rubuta abin da ya kashe a kan babban yaronsa cikin shekara guda: ɗaki, abinci, magani, kayan Sallah, kuɗin mota zuwa gida, gudummawar suna, rashin lafiyar iyaye. Ya ƙara da auren da zai yi masa da jarin da zai ba shi wata rana. Da yawa za su ga tazarar ba ta kai yadda suke zato ba. Bambancin shi ne kuɗin manaja a fili yake kowane ƙarshen wata, na yaro kuwa a warwatse yake, kuma shi yaron kansa ba ya ganinsa a matsayin haƙƙin aikinsa, kyauta yake ɗaukarsa.

Dokokin aiki ma suna shiga lissafi, kuma ba ruwansu da cewa ma'aikaci ɗan ƙanwarka ne. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa, ta kuma tsara sanarwar rabuwa: mako guda ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Masu muƙamin gudanarwa kamar manaja yarjejeniyar da aka sa wa hannu ce take hukunci a kansu, kuma rikici Kotun Ma'aikata ta Ƙasa yake zuwa, don haka a rubuta ta da kyau. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, kodayake dokar ta ɗauke wa wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Akwai kuma kashi 1 na jimillar albashi da ake biya wa asusun inshorar ma'aikata, NSITF, bisa dokar 2010 don diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, abin da ya kamata mai direbobi da masu lodi ya kula da shi. Manajan waje zai tayar da waɗannan maganganu tun makon farko. Yaron gida ba zai tayar ba, amma shirunsa bai ɗauke nauyin ba.

To wanne za a zaɓa?

Ka dubi ta inda kuɗinka yake shigowa. Idan harkarka a kan sanayya da bashi na baki da saurin yanke farashi take tafiya, kamar kayan gwari a Mile 12, ko shanu a Oko-Oba, ko raguna, ko hatsi da wake da ake kawowa daga Dawanau, to ɗaga yaron gida ya fi. Baƙo zai shekara bai gane wa ake ba bashi ba, kuma dillalai da fatake ba za su saki jiki da shi ba. Idan kuwa kuɗin ta kwangila da takardu yake zuwa, kamar jigilar kaya wa kamfanoni, ko masana'antar ruwan leda, ko shigo da kaya ta tashar jiragen ruwa, to ka ɗauko wanda ya san aikin, kada ka jefa yaronka cikin abin da zai kunyata shi. Lokaci ma yana da tasiri. Gina shugaba daga cikin yara yana cin shekara biyu ko uku, wanda kwangilarsa za ta fara wata mai zuwa ba shi da wannan sararin.

Ga mafi yawan 'yan kasuwarmu da ma'aikatansu ba su wuce ashirin ba, abin da nake ganin ya fi shi ne a ba ɗan gida shugabancin mutane da kaya, a ɗauko akanta daga waje ya riƙe lissafi, ko da kwana biyu ne a mako zai riƙa zuwa. Wanda yake riƙe da kaya kada ya zama shi ne yake rubuta abin da ya fita. A buɗe asusu da sunan harkar, na'urar POS ma da sunan harkar, a hana kowa karɓar kuɗi a asusunsa. A riƙa ƙirga kayan sito ba tare da sanarwa ba. Wasu iyayen gida suna jin nauyin yin haka, suna ganin kamar zargi ne. Ni a ganina kariya ce ga yaro mai gaskiya, domin ranar da mahassada suka kai sukarsa, littafi ne zai wanke shi.

Idan ɗan gida za a ɗaga

Kada ka duba wanda ya fi surutu a gabanka ko wanda ya fi kusa da kai a jini. Ka lura da wanda sauran suke nufa idan matsala ta taso ba ka nan. Ka lura da wanda yake kawo maka mummunan labari da wuri, wanda zai kira ka ya ce "Alhaji, buhu goma sun jiƙe, laifinmu ne ba mu rufe ba," maimakon ya bari ka gano da kanka. Wannan halin ya fi iya ciniki wuyar samu.

Ikon kuma kaɗan-kaɗan ake miƙa shi. A fara da makullin sito. Idan ya riƙe, a ba shi damar ba da bashi zuwa wani adadi da aka yanke. Daga nan damar rage farashi ba tare da ya bugo waya ba, sannan tsara wanda zai tafi gida da damina da wanda zai tsaya. Kowane mataki a bar shi ya yi kuskure ƙarami, a zauna da shi da daddare a tambaye shi me ya gani ya yanke haka, kafin a faɗa masa abin da ya kamata. Ranar naɗi a tara kowa a faɗa a gabansu, har da wanda ya girme shi. Bayan nan kada maigida ya warware hukuncinsa a gaban yara ko da bai yi daidai ba, a gyara a keɓe. Sau ɗaya tak idan ka kunyata shi a bainar jama'a, ka rushe aikin wata shida.

Karatu ma yana da wurinsa. A Legas akwai FATE Foundation da aka kafa a 2000, da cibiyar horar da masu ƙananan sana'o'i ta Jami'ar Pan-Atlantic, wadda Lagos Business School take ƙarƙashinta, akwai kuma hukumomin gwamnati irin su ITF mai horar da ma'aikata, da SMEDAN mai tallafa wa ƙananan sana'o'i, da asusun samar da aikin yi na jihar, LSETF, da aka kafa a 2016. Da Turanci ake koyarwa, saboda haka yaron da allo kaɗai ya yi sai an fara nema masa mai koya masa karatu da lissafi da yamma. Wanda ya haddace izu da yawa ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, dama ce bai samu ba, kuma irinsu suna kamawa da sauri.

Sannan a yanke masa makoma, a rubuta. Fiƙihunmu na Malikiyya yana da babin ƙiradi: ɗaya ya kawo jari, ɗaya ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka amince tun farko, idan an faɗi ba da sakacin mai aiki ba asarar kuɗi tana kan mai jari. Ba sai an ɗora dukan harkar a kan haka ba. Ana iya ware mota ɗaya a wata, ko reshe guda, a ce ribar wannan kana da kashi kaza a ciki. A kira shaidu biyu, a sanar da iyayensa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi, saboda haka ba wanda zai ce rubutu tsakanin 'yan uwa baƙon abu ne a wurinmu.

Idan baƙo za a ɗauko

A fara da gwaji na wata uku, a rubuta iyakar ikonsa dalla-dalla: me zai yanke shi kaɗai, me sai ya tuntuɓa. Makonnin farko kada ya zauna a ofis. Ya zo da asuba ya ga yadda ake sauke kaya, ya bi mota zuwa wurin kwastoma, ya koyi sunan kowane yaro da garinsu, ya koyi gaisuwa da Hausa ko da ita kaɗai ce. A haɗa shi da babban yaron gida su riƙa zama kowace safiya na 'yan mintuna kafin a fara aiki.

Sauran nauyin yana kan maigida. Yara za su gwada ka. Wani zai zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ina so in je gida jibi, an yi mini haihuwa." Zuciyarka za ta so ka ce Allah ya raya, ka je. Ka yi masa barka, ka ba shi abin suna daga aljihunka, sannan ka ce, "Ka je ka faɗa wa manaja ya tsara wanda zai tsaya maka." Idan ka ba da izinin da kanka, gobe ba wanda zai ƙara tunkarar manajan, ka koma kana biyan albashin mutumin da ba ya shugabantar kowa.

Kafin baƙon ya iso kuma, ka kira babban yaronka ku zauna ku biyu. Shi ne ya daɗe yana tsammanin kujerar, kuma shi ne yake da ikon sa sauran su ba da haɗin kai ko su ƙi. Ka faɗa masa dalilin da ya sa ka ɗauko wani, ka nuna masa ɓangaren da zai ci gaba da zama a hannunsa, ka kuma faɗa masa shekarar da za ka buɗe masa reshe ko ka sallame shi da jari. Idan ka ga ba zai iya zama ƙarƙashin wani ba, gara ka sallame shi tun yanzu cikin mutunci, ka riƙa ba shi kaya yana sayarwa a rumfarsa, ya zama kwastomanka.